Tabon Tawada

Naira ɗari biyu kuɗin shiga, yara kyauta.
Kafin in karɓi canji
Hansatu ta tsallake dokin ƙofa.

Gidan Goggo Dudu ne, nan Herwagana,
bayan layin masu gyaran keke,
sai dai an shafe shi da farin fenti
har na rasa inda rariya take.
Zauren da muke ɓarar gyaɗa
yau da tebur, da rasit, da fanka.
Mai gadi ya ce, "A kalla da ido, ban da hannu."
Na ce to.

Ɗakin farko, ga su jere cikin gilashi:
Bushiya Tsigi mai ɗinkin hula
wadda ba ta taɓa sayen allura ba,
Kwaɗo Jauro da lemarsa, matsoracin ruwa,
Balbela malamar asibiti cikin fararen kaya
tana auna zazzaɓin shanu.
Hansatu na kiran sunayensu ɗaya ɗaya
kamar 'yan ajinsu.

An ajiye tabaraunta, ƙafa ɗaya ɗaure da zare,
da gwangwanin madarar da take wanke buroshi.
Kujerar ma tana nan, an kewaye ta da jar igiya,
kujerar da na sha takawa
in sauko mata da takardu daga kan kabad.

Sai ɗaki na uku.
Bango guda nasa ne shi kaɗai:
Dunƙum, baƙin ɗan rago mai ƙafa uku.
An rubuta a ƙasa cewa
marubuciyar ta yi dogon nazari kafin ta fitar da siffarsa,
wai baƙinsa dare ne,
wai ƙafa ukun juriya ce.

Na yi dariya har mai gadi ya waiwayo.

Laraba ce, tsakiyar damina.
Ina ɗan shekara bakwai, an aiko ni da kunun tsamiya.
Gwiwar hannuna ta bugi kwalba,
tawada ta malale
kan zanen da ta kwana uku tana yi.
Na tsaya ƙiƙam ina jiran mari.
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Ta juya takardar, sama ta koma ƙasa,
ta ce, "Bappayo, ka ga wanda ya zo?"
Ni ban ga kowa ba sai hawaye.
Ta ja ƙaho nan, ta ja ƙaho can,
ta ɗiga fararen idanu biyu.
Layi uku tawadar ta gangara.
Ta ce, "Da uku ya zo, da uku zai yi yawonsa.
Miƙo min kunun kada ya huce."

Can ƙasa, wajen hagu,
akwai ɗan dutsen da ragon ke shinshina.
Ba su rubuta komai a kansa ba.
Babban yatsana ne,
lokacin da na so in goge laifina.

Na ɗaga shi yau kusa da gilashin,
ya yi kauri, ya tsage,
baƙin mai na gareji ya shige ƙarƙashin farce.
Mai gadi ya yi gyaran murya.
Na mayar da hannu aljihu.

A bakin ƙofa ana sayar da hoton Dunƙum.
Na saya mata guda, na haɗa da zoɓo mai sanyi.
Ba mu kai titi ba
ledar ta fashe,
ja ya malale kan farin gefen hoton.
Ta ɗago kai, ta ƙanƙame kafaɗu.
Na san wannan tsayuwar.

Na tsuguna, na karɓi takardar,
na juya ta, sama ta koma ƙasa.
Ban ga kowa ba tukuna.
Na sake juyawa.
Na ce, "Matso, Hansatu,
idonki ya fi nawa."